Sakin Takarda na Pyo Mansik

Duk wanda ya san Pyo Mansik a kasuwar tsofaffin kayan girki ta birnin Daegu ya san shi da magana ɗaya, wai shi ba a cutarsa. Da bakinsa yake faɗa, kuma ba ya jira a tambaye shi. Sana'arsa sayen kayan gidajen abincin da suka karye, tukwane da murhun gas da firji da kujeru, ya wanke su ya sayar wa wani sabon mai ƙarfin hali. Bayan shekara biyu sai ya koma ya sake sayen kayan nan a hannun mutumin da rabin kuɗi. Akwai wata ƙatuwar tukunyar miya da ya sayar har sau huɗu, kullum tana dawowa gida. Wannan ya sa Mansik ya ɗauki kansa likitan karayar arziki. Da ya shiga gidan abinci ya ga yadda aka jera kujeru, sai ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ba zai kai baɗi ba.

To, wannan gwanin ne ya zauna cin gasasshen nama da abokinsa na makaranta, Gil Yongpal, bayan kwalbar giya ta uku ya zaro hatiminsa daga aljihu ya danna a kan takarda. Ya tsaya wa Yongpal a bashin da zai ci ya buɗe gonar kifi. Wani zafi da aka yi ya kashe kifin kaf, Yongpal ya kashe wayarsa, aka neme shi sama da ƙasa aka rasa. Kamfanin da ya ba da bashin ma bai wahalar da kansa ba. Me zai sa, ga Mansik zaune a shago, ga gida mai ɗaki uku a hawa na tara da sunansa a kan takarda?

Ya kwana biyu yana juya maganar a ransa, sannan dabara ta faɗo masa. Da ta faɗo sai tsoron ya tafi, alfahari ya dawo wurinsa, har yana jin tausayin kamfanin da bai san da wa yake yi ba.

Ya tarar da matarsa, Om Sundok, zaune a ƙasan falo da faranti a cinya tana tsinke jelar tsiron wake.

"Maman Nari, zauna mu yi magana."

"A zaune nake."

Ya faɗa mata bashin. Ya faɗi adadin da sauri, kamar mai haɗiye magani. Hannunta bai tsaya ba.

"Yongpal ɗin da ya zo bikin Nari ya ci ya ƙoshi ya bar ambulan babu komai a ciki?"

"Mantuwa ya yi. Ki bar wannan, ki saurare ni. Bashin da miji ya ci ba ya bin matarsa, sai in na cefanen gida ne. Matsalar ita ce gidan nan sunana ne a kai. In na ba ki shi haka kawai, za su ce ɓoyewa na yi. Amma in muka rabu, aka ce rabonki ne na zaman aure, to wa ya isa ya taɓa?"

"Mu rabu."

"A takarda! A takarda kawai, baiwar Allah. In ƙura ta lafa mu koma ofis mu sake rubuta sunanmu, shi ke nan. Ni ne fa. Kin taɓa ganin an cuce ni?"

Ta ɗago ta dube shi. Kallon ya ɗan yi tsawo, amma Mansik ya fassara shi da sha'awar basirarsa.

"Ina ka ajiye hatimin nawa?" ta ce. Abin da ta tambaya ke nan.

A lokacin sanyi aka gama komai. Suka je kotu, aka ba su lokacin sake tunani, suka koma suka tabbatar, gida ya koma sunan Sundok. Kamfani ya zo shago ya liƙa jajayen takardunsa na ƙwace a jikin kaya, har da tukunyar nan, wadda wannan karon ta tafi ba dawowa. Mansik ya kama ɗaki a irin gidajen da ɗalibai masu shirin jarrabawa ke haya, ɗakin da in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Bai damu ba. A ganinsa shi janar ne da ya ja da baya don ya shammaci abokan gaba.

Damuwarsa ɗaya ce, matarsa ba ta iya zawarci ba. Satin farko kullum sai ta kira ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini. Ranar Asabar sai ga ta a ƙofar gidan hayar da robobin kimchi, wato kabejin da aka tsuma da yaji, da soyayyen ƙananan kifi, an ɗaure su a ƙyalle. Ya ja ta gefe, yana waige-waige.

"Ke wace irin bazawara ce? Mutanen kamfanin nan suna da ido a ko'ina! In suka ɗauki hotonki da kwanon abinci fa?"

"To me za ka ci, Baban Nari?"

"Ga shi nan kuma! Wane Baban Nari? Daga yau Malam Pyo. Kada ki kira ni, kada ki dafa mini, kada ki wanke mini ko safa. Ki canza lambar ƙofa. Ki fita ki yi ƙawaye, ki yi dariya a gan ki. Ki sa a ranki kin rabu da alaƙaƙai. Haka ake yi."

Ta tsaya da ƙullin a hannu, iska na kaɗa mata gashi.

"To, Malam Pyo," ta ce, ta juya.

Ya bi ta da kallo yana gyaɗa kai, ransa fari. Sai da ta sha kwana ya tuna ta tafi da kimchin.

Sundok mace ce da in aka nuna mata aiki sau ɗaya ba a sake nuna mata. Kira ya tsaya cak. Da furanni suka buɗe, wata Lahadi Mansik na cikin bas ya hango ta a gindin dutse cikin jar rigar hawan dutse, tsakiyar wasu mata, ta rage gashinta, tana dariya har tana dukan kafaɗar ta kusa da ita. Ya yi shekara talatin da ita bai san tana da irin wannan dariyar ba. Ya ce a ransa, kai, matar nan 'yar wasa ce! Ya so ya leƙa ta taga ya tafa mata. Da 'yarsu Nari ta kira daga Busan ta ce Mama ta sayar da kujerarsa ta tausa ta sa tukwanen fure a wurin, nan da nan ya gane hikimar. In mutanen kamfani suka shigo, ai kujerar ce za ta fara tona asiri.

Abin da ke riƙe shi a ɗan ɗakin nan shi ne ya san matarsa. Hujjarsa kuwa babba ce, ya sha faɗa wa 'yan uwa a kan tebur. Duk kaka, ranar jesar mahaifinsa, ranar da ake shirya wa mamaci abinci a gida a buɗe masa ƙofa ya shigo ya ci, Sundok kan tashi tun da asuba. Ta yi suya, ta dafa ganye kala uku, ta gasa kifi, ta fere 'ya'yan itace, ta goge kwanonin tagulla har ka ga fuskarka. Kuma duk shekara, tana tsaye gaban kasko, sai ka ga hawaye na bin kumatunta. Mansik kan nuna ta da haɓa ya ce wa ƙannensa: "Kun gani? Ko 'ya'yan cikinsa ba sa yi wa Baba kukan da matata ke yi masa." Shi nasa aikin a ranar shi ne ya sa kwat, ya zuba giya a ƙoƙo, ya rusuna sau biyu, ya ci. Macen da ke yi wa surukinta kuka haka, ina za ta je?

Kamfanin dai bai kwanta ba. Da damina ta shigo ya kai ƙara, ya ce rabon da aka ba matar ya wuce kima, a warware shi a sayar da gida. Mansik ya nemo wani Lauya Sok, mutum siriri mai yawan shan ruwan zafi, wanda ya karanta takardun ya cire tabarau.

"Malam Pyo, maganar mai sauƙi ce. Kotu za ta duba wa ya tara gidan nan. In aka ga guminta ne ya fi yawa, rabon ya tsaya. In aka ga naka ne, za su yanki abin da ya wuce, kuma ba a yankan gida sai an sayar. Wato yawan abin da ta yi, da ƙarancin abin da ka yi, su za su cece ku."

"Kana nufin sai na zama mutumin banza?"

"A gaban alƙali, ƙwarai kuwa."

Mansik ya yi dariya har da buga cinya. Wannan ai aiki ne na masu basira. Da yamma ya ari wayar mai gadin gidan hayar ya kira Sundok.

"Ni ne. Ki buɗe kunne. Za ki ce ina caca. Ki ce na taɓa sayar da firjin gida na kai tseren doki. In kin ga alƙalin bai motsa ba, ki ƙara da wata mace, ki ce mai gidan shayi ce, mai jan baki."

"Ba sai na yi ƙarya ba."

"Haba, kada ki ji tsoro! Kowa na yi. In ba ki ƙara gishiri ba, wa zai yarda mutum irina bai tsinana komai ba?"



"Zan yi ƙoƙari, Malam Pyo," ta ce.

Ranar shari'a ya sa tsohuwar riga da gangan, bai aske gemu ba, ya zauna ya langaɓar da kai irin na wanda duniya ta juya wa baya. Mai shari'ar mace ce, ba ta girmi Nari da yawa ba. Aka kira Sundok. Ta tsaya da jaka a gabanta, ta yi magana da muryar da take faɗa wa masu sayen kayanta farashi.

Ta ce kuɗin da aka fara zubawa na gidan daga rumfarta ta kayan haɗin shinkafa ya fito, rumfar da take buɗewa tun kafin kasuwa ta farka. Ta ce shagon mijinta ya rufe sau biyu, sau biyun ita ta biya hayar da ta taru, na farko da zoben aurenta, na biyu da adashin da take tara wa karatun Nari. Ta ce mahaifiyarsa ta yi shekara shida a kwance, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, shi kuwa yakan leƙo daga ƙofa ya ce Inna ta yi kyau yau. Ta ce ranar da ta haifi Nari yana wurin kamun kifi. Ta ce da aka yi mata aiki a gwiwa, ta dawo daga asibiti ta tarar da kwanonin kwana tara suna jiran ta a wurin wanki, an jera su da kyau don kada su ba ta wahala.

Mansik na zaune yana gyaɗa kai, har ya ƙifta wa Lauya Sok ido. Shimfiɗa take yi, yanzu za ta kawo dokin. Ya jira doki. Ya jira mai jan baki. Ya kasa kunne ya kama ƙarya guda ɗaya da zai yaba mata a kanta in sun fita, ko da ƙarama ce. Sundok ta ci gaba da jero shekaru ɗaya bayan ɗaya, kowace ya gane ta, har da kwanonin, don ya tuna yadda ya ji daɗin kansa da ya jera su. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙeya.

Da ta gama, mai shari'a ta juyo.

"Malam Pyo Mansik, ka ji abin da ta faɗa. Akwai wanda ba ka yarda da shi ba?"

Nan fa ake yin ta. In ya ce akwai, gida ya tafi. Ya buɗe baki don ya yi wasan da ya kwana yana gwadawa a madubin banɗaki, na mugun miji mai nadama, sai ya tarar babu wasan da zai yi.

"Babu, ranki ya daɗe."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Lauya Sok ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin wanda ya iya zama mutumin banza kamar Malam Pyo ba. Mansik ya karɓi yabon, tunda yabo ne, ba a mayar da shi. Kafin ya fito harabar kotu Sundok ta shiga tasi.

Kunyar ta yi masa kwana uku. A rana ta huɗu ya farka ya gane cewa gaskiyar ma dabara ce. Mace mai wayo, ta san ƙarya na iya karyewa a hannun lauyan kamfani, shi ya sa ta zaɓi abin da ba a iya musawa. Waye ya koya mata tunani irin wannan in ba zama da shi ba?

Da kaka ta kama aka yanke hukunci: rabon ya tsaya, gida na Om Sundok ne. Bashin na nan a wuyan Mansik, zai yi ta biya daga ɗan albashin da yake samu a shagon wani tsohon abokin hamayyarsa, amma gida ya tsira. Lauya Sok ya ce ya ɗan jinkirta kafin ya koma. Mansik ya duba kalandar wata, ya ga saura mako biyu jesar Baba. Mako biyu ai jinkiri ne. Kuma wace rana ta fi wannan dacewa da maigida ya dawo gidansa? Bai kira ta ba. Ya fi son ya ga fuskarta.

Ranar ya aske gemu, ya sa kwat, ya tattara kayansa a jaka guda, ya sayi kwalin manyan fiya masu tsada da kuɗin da ba shi da su. Rana na shirin faɗuwa ya shiga lif. Tun daga hawa na bakwai yake jin ƙamshin suya. A hanya ya yi ta tunanin yadda zai yi da sabuwar lambar ƙofa, tunda shi ya ce a canza, ga shi bai san ta ba. Da lif ya buɗe sai ya ga ba ya bukatarta. Ƙofar gidan a buɗe take kaɗan, an tokare ta da takalmi.

Idonsa ya kawo ruwa. Ya san al'ada, ya san wa ake buɗe wa ƙofa a irin wannan rana, amma zuciya ta ce masa rabi na Baba ne, rabi nasa. Duk abin da ta faɗa a kotu, ga ta nan ta tashi da asuba ta yi wa mahaifinsa suya.

"Maman Nari! Na dawo!"

Ya cire takalmi ya shiga. Falon ya canza, fure ko'ina, amma teburin na nan a inda ake sa shi, cike maƙil: kifi, nama, ganye, shinkafa da cokali a tsaye a ciki, kyandir biyu na ci. Nari na durƙushe a gefe da butar giya. Sundok na tsaye cikin baƙar riga. Dukansu suka juyo suka dube shi.

Ya ajiye jaka, ya gyara kwat, ya matsa gaban tebur don ya karɓi wurinsa. Sai da ya sunkuya zai durƙusa ya ɗaga ido ga hoton. Wata 'yar tsohuwa ce mai ƙananan idanu, da gashi a ɗaure baya, tana murmushin wanda bai saba da kyamara ba. Ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane ta. Surukarsa ce, mahaifiyar Sundok.

"Wannan... ina Baba? Kin yi kuskuren rana ne?"

"Ban yi kuskure ba."

"Yau fa ranar Baba ce."

"Yau ranar Innata ce. Rana ɗaya suka faɗo a kalandar wata, shekara huɗu tsakani."

Mansik ya san a lokacin kaka ne tsohuwar ta rasu. Ya je jana'izar, ya ma kwana ɗaya. Ya san kuma ba ta bar ɗa namiji ba, Sundok kaɗai gare ta. Bai taɓa haɗa waɗannan abubuwan wuri guda ya tambayi kansa wa ke buɗe mata ƙofa ba.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka shekarar farko. Ka ce matar babban ɗa ba ta barin tebur ɗin gidan miji. Ka ce Inna mai haƙuri ce, za ta gane."

Ya yi kama da maganarsa. Har muryar da ya faɗe ta da ita yana iya ji.

"To kukan da kike yi..."

"Baba," Nari ta ce a hankali, "kowa ya sani. Har su Kawu."

Ya tuna haɓarsa tana nuna ta a gaban kasko, ya tuna yadda ƙannensa kan sunkuyar da kai su dubi kwanonsu. Shi a zatonsa kunyar rashin kukansu ce. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige, amma hawa na tara ne, sai dai ya faɗa falon maƙwabta.

"Tunda ka zo, ka gaishe ta," Sundok ta ce. "Shekara ashirin da wani abu tana wucewa ta ƙofar nan ba a ce mata shigo ba."

Nari ta zuba masa giya. Ya miƙa ƙoƙon da hannu biyu, ya rusuna sau biyu, gwiwoyinsa na ƙara. Wannan kam ya iya, shi kaɗai ya iya. Da ya miƙe sai ya ga Sundok ta fito daga ɗaki da wani ƙulli a shuɗin ƙyalle. Ta ɗora masa a hannu. Ya ji taurin firam da nauyin tagulla.

"Hoton babanka ne da kwanoninsa. Na goge su. Shi ma yau yana hanya, kada ya zo nan ya ga ba wurinsa, ka san shi da fushi."

"Maman Nari, wasan ya ƙare fa. Mun ci shari'a! Gidan ya tsira."

"Ya tsira."

"To ai sai mu koma ofis mu sake rubutawa. Takarda ce kawai, na faɗa miki tun farko."

"Abin da ka danna wa Yongpal ma takarda ce kawai."

"Gidana ne fa!"

"Mai shari'a ta tambaye ka, Malam Pyo. Har sau biyu."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗa ta yi, da ya san yadda zai yi da ita, don a nan ya ƙware. Ta dube shi ne kamar yadda take duban tsohon mai sayen kayanta, da sanayya, ba ƙiyayya, ba kuma gaggawar komai.

"Kai ka ce in sa a raina na rabu da alaƙaƙai," ta ce. "Na sa don in taimake ka. Sai na ji barci ya zo mini. Ban san haka barci yake ba."

Ya dubi jakarsa a bakin ƙofa, ya dubi ƙullin da ke hannunsa.

"Ni ban iya shirya tebur ba. Ban san me ake sawa gabas me ake sawa yamma ba."

"Shinkafa da ruwa ma sun isa. Ka dai bar ƙofa a buɗe." Ta buɗe kwalin da ya kawo, ta zaɓi fiya uku ta sa masa a aljihun jaka, ta ɗora ɗaya a gaban mahaifiyarta. "Baɗi in kana so ka gaishe da Inna, ka zo. Amma ka zo da safe, lokacin suya."

A cikin lif ya yi lissafin abin da ya samu daga babbar dabararsa. An ba shi izinin shiga gidan sau ɗaya a shekara, daidai da abin da ake ba matattu, sai dai su ba a sa su suya.

Ya isa ɗakinsa ana kunna fitilun titi. Babu tebur, sai ya ɗora hoton a kan ɗan firjin, ya jingina shi da bango. Tsohon ya dube shi da wannan ɗaurarriyar fuskar tasa. Mansik ya je kicin ɗin gidan ya ɗebo shinkafar kyauta da ake ajiye wa 'yan haya, ya zuba a kwanon tagulla, ya soke cokali a tsakiya. Ya ɗauko fiya zai fere, mutumin da ya sayar da wuƙaƙen girki dubu, ya fere rabin naman ya tafi da ɓawon. Ya cika ƙoƙo da ruwan famfo. Ya buɗe ƙofa ya tokare ta da takalmi, sannan ya ga in ya rusuna ƙafafunsa a waje suke, a kan hanyar mutane. Haka ya yi, rabi a ciki rabi a waje.

A rusunawa ta biyu ya kasa ɗagowa. Kuka ya zo masa, irin mai girgiza kafaɗa, goshinsa a kan leda, hawaye na zuba a gaban hoton. Bai taɓa yin kuka a jesar mahaifinsa ba sai yau, kuma ko shi ɗin ba don mahaifin yake yi ba. Tsohon dai bai yi sa'ar masu kuka ba.